Wuƙa ko Leza: Shekarar da Na Sauka daga Jan Baƙi

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi, domin ni kaina da abin ya faru a maƙogwarona ban gama fahimtarsa ba. Abin da ya zaunar da ni rubuta shi, ranar sunan jikana, ɗan Aminu, na ji ku a tsakar gida kun sake tayar da zancen. Wasu na cewa da an bi shawarar Baba Dikko da yanzu muryata na nan, wasu na cewa ba haka ba, Yayarku Saratu kuwa ta yafa mayafinta ta fice, ko tuwon suna ba ta taɓa ba. Kun ɗauka ban ji ba. Murya ce ta tafi, kunne yana nan garau. To ku tattara hankalinku ku ji yadda aka yi daga bakin mai maƙogwaron, amma ina gaya muku tun yanzu, kada wanda ya sa ran zai tashi da amsa.

Ƙananan cikinku sun taso sun same ni mai sayar da atamfa, mai magana kamar ana jan buhu a kan siminti. Da ba haka nake ba. Shekaru masu yawa ni ne mai jan baƙi a masallacinmu na Ƙofar Dundaye. Duk azumi, bayan la'asar, ni nake karanta aya da ƙira'a, Malam Barmo ya fassara ya yi bayani, in ya kai ƙarshe in ja ta gaba. Malam makaho ne tun yana ƙarami, Alƙur'ani kuwa yana kansa tsaf, ba don mantuwa ake ja masa ba, haka tsarin tafsiri yake. A gabansa na yi karatu, shi ya tsamo ni daga cikin ɗalibai ya zaunar da ni a damansa tun kafin in auri Innarku. Kasuwa ita ta ciyar da ku, ban raina ta ba, amma wannan buzun da nake zama a kai kusa da Malam shi ne abin da nake ji da shi a duniya.

Abin ya fara ne bayan wani azumi da muka yi cikin tsananin zafi. Muryata ta dishe, na ce ruwan ƙanƙara ne da fanka, zai wuce. Innarku ta shiga yi mini ɗure. Zuma da citta, kanumfari, man shanu, har ɗanyen ƙwai na sha ina yatsina fuska. Aka yi ƙaramar salla, aka yi babba, shiru. Magana ta yau da kullum tana fita, amma da na ja madda, wato inda ake tsawaita sauti a ƙira'a, sai muryar ta rabu biyu, wata sama wata ƙasa, kamar mutum biyu na gardama a wuyana. Saratu, da yake aikin jinya take yi, ita ta fara ɗaure mini fuska. Ta sa ni gaba har babban asibiti, wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Wani matashi ne mai haƙuri. Ya zura mini wata siririyar kyamara, sannan ya juyo da allon talabijin ya nuna mini cikin wuyana. Na ga wasu fararen faifan nama guda biyu suna buɗewa suna rufewa, ya ce su ne ke kaɗawa murya ta fito. A gefen ɗaya akwai ɗan tsiro, bai fi ƙwayar dawa ba. Na yi ta kallonsa ina mamaki, wai wannan ɗan abin ne ya hana ni sakat.

Likita ya ce in kwantar da hankalina, ba ciwon daji ba ne, irin wanda ke fito wa masu wahalar da murya ne. Amma ya daɗe, ba zai tafi da kansa ba, sai an cire. Na yi hamdala, na ce to a cire. A nan ne ya jefa ni cikin ruɗun da har yau ban fita ba.

"Baba, hanya biyu ce," in ji shi. "Duka ta baki ake shiga, kana barci, likita na kallo ta madubi mai ƙara girman abu. Ta farko, akwai 'yan ƙananan almakashi da wuƙaƙe masu dogon hannu, da su ake yanke shi. Wannan a nan muke yi. Ta biyu leza, wani haske ne siriri mai zafi, a auna wurin da shi ya yanke. Wannan sai ka je Abuja."

Na ce, "To wanne ya fi?"

"Kowanne da inda ya fi. Leza ba ta cika zubar da jini ba, likita na ganin wurin sarai, amma zafinta na iya taɓa lafiyayyen naman da ke kusa. Wuƙa ba ta da zafi, kuma likita na jin naman a hannunsa, amma ɗan jini kan kare masa gani. Ga irin naka, in hannun ya ƙware, duka biyun suna yin kyau."

Na ce, "Likita, in kai ne fa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ni ba na jan baƙi, Baba. Kai za ka zaɓa."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ni in mace ta tsaya a rumfata ta ce wacce atamfa ce ba ta zuba, ɗauko mata nake yi in ce wannan. Ban taɓa ce wa mai saye kowacce da inda ta fi ba. Na zo a gaya mini abin yi, an ɗora mini kaya a ka. Kafin mu fita ya ƙara da cewa ko wanne aka yi, abin da ya fi muhimmanci shi ne hutun murya bayan aiki. Na ji wannan kamar yadda ake jin likita in ya ce a riƙa shan ruwa da yawa. Hankalina duk yana kan wuƙa da haske.

Da muka dawo gida, kowa ya zama likita. Innarku da ta ji an ambaci wuƙa sai ta dafe ƙirji, ita a ganinta kwantar da ni za a yi kamar ragon layya.

"Ni dai, Malam, kada a sa ma wuƙa ga wuya. Mi kay yi musu?"

Saratu ta yi mata bayani cewa ba a taɓa wuya ta waje. Ta ɗan natsu, ta ce to a yi na hasken. Washegari wata maƙwabciya ta ce mata hasken nan wuta ne, sai ga ta a kaina tun ban gama karin kumallo ba.

"Wuta cikin maƙoshi? Ina Musulmi ina wuta tun duniya? A yi na wuƙar."

Haka ta yi ta yi, yau tana nan gobe tana can, kuma kowane gefe ta koma da kukanta take komawa. Ɗan'uwanku Aminu kuma ya addabe ni da waya. Ya nuna mini wani Bature yana yabon leza, in na fara gamsuwa ya latsa ya nuna mini wani yana yabon wuƙa, su biyun da farar riga da gilashi, su biyun ba sa ko ƙifta ido. A kasuwa wannan ya ce an yi wa ƙanin matarsa da leza ya warke sumul, wancan ya ce an yi wa wani ladani da wuƙa yana nan yana kiran salla. Da na bi diddigi sai na tarar ɗayan ma ba murya aka yi masa ba, ido ne.

Wanda maganarsa ta fi shiga jikina shi ne Dikko, maƙwabcinmu mahauci, wanda kuke ce wa Baba Dikko. Tare muka yi wasan ƙasa da shi, ba ya yi mini ƙarya. Ya same ni a zaure ya zauna ya cire hula.

"Haliru, ni ban yi boko ba, amma nama as sana'ata tun ina ɗan yaro. Nama in wuƙa tay yanke shi, bakin nan biyu haɗuwa suka yi su kama juna. In wuta tat taɓa shi, tsukewa shika yi shi ƙandare. Kullum ina gani bisa tukuba. Kada ka bari a gasa ma murya."

Saratu na bakin ƙofa da tiren shayi, ta ce, "Baba Dikko, wagga ba wutar tukuba ta ba. Haske na, sirantaka tai kamar gashi, kuma auna shi aka yi daidai wurin."

"Ɗiyata, shina da zahi ko ba shi da?"

"Shina da."

"To shi ke nan," in ji Dikko, ya mayar da hularsa.

In Dikko na magana sai in ga gaskiyarsa ƙarara. In Saratu ta zauna ta yi mini nata bayanin a tsanake, sai in ga ai ita ce ta san aikin. Na yi istihara, na kwanta, na yi mafarkin ruwan sama ya jiƙa mini dilolin atamfa, na tashi ban san ko wuƙa ke nan ko leza ba. Watanni suka yi ta tafiya a haka. Ni da nake yanke wa mutane shawara a kasuwa, na koma in an tambaye ni shayi ko koko sai na yi tunani.

Da na ga Rajab ya kawo kai, na tafi wurin Malam Barmo na zayyana masa komai. Ya saurara har na gama, kansa a karkace kamar yadda yake yi in yana sauraro.

"Haliru, ni ban taɓa ganin wuƙa ba, ban taɓa ganin haske ba. Wanne ka maido min kai kahin azumi?"

Wannan tambayar ita ta yanke. Wani a cikin masu ba da labari ya taɓa ce mini leza ta fi saurin warkewa. Na koma na tambayi likita, ya ce shi ba zai rantse a kan haka ba, jiki da jiki ne. Amma ni na riga na rataya a wannan maganar, domin ita kaɗai ce a cikin duk abin da na ji ta ambaci lokaci, ni kuwa lokaci nake nema. Duk da haka, da safe sai da na ce wa Dikko wuƙa za a yi. Da la'asar na kira Saratu na ce ta shirya mana tafiya Abuja. Ku lura da wannan da kyau. Ba ta ja ni ba, ba ta lallashe ni ba. Har tambayata ta yi ko na tabbata, na ce mata ban tabbata ba, amma ta shirya.

Aikin kansa ba ni da labarinsa, barci nake. Na farka na ji maƙogwarona kamar na haɗiyi busasshen ƙanzo. Likitar da ta yi aikin ta zo tana fara'a, ta yi ta Turanci, Saratu na fassara mini. An cire tsiron tas, komai ya tafi daidai. Saura nawa aikin. Har mako ya zagayo babu magana ko kalma ɗaya, babu gyaran murya, kuma babu raɗa, domin wai raɗa ta fi magana wahalar da wurin. Bayan nan a fara kaɗan kaɗan. Saratu ta ce mu zauna a masaukinmu har makon ya cika, tunda a Abuja ba wanda ya san ni. Ni kuwa abin da ya ishe ni da garin ke nan. Ɗaki kamar cikin firji, abinci ba ɗanɗano, ka fito ka tsaya a bakin ƙofa mutum ya wuce ka ko kallo. Na yi ta nuna mata hanya da hannu, ina haɗa tafuka ina roƙo, har ta gaji ta ce to. A raina na ce shiru ai shiru ne, a gidana ma zan iya yin sa.

Na manta da ko ni wane ne da kuma inda na fito. Mutumin da ya dawo daga tafiya ana zuwa yi masa barka da sauka, wanda aka yi wa aiki ana zuwa dubiya, ni kuwa na haɗa biyun. Kafin mu sauke jaka zaure ya cika. 'Yan kasuwa, mutanen masallaci, dangin Innarku daga Gidan Igwai, kowa da ledar lemu ko ƙwaryar fura. Kun san yadda dubiya take a garin nan. Mai zuwa bai zo don ya ga fuskarka kawai ba, ya zo ne ya ce ya jiki, ka ce da sauƙi. Ko mutum na gargara sai ya ce da sauƙi, da wannan kalmar mai dubiya ke komawa gida ya ba da labari. Saratu ta tsara mana yadda za a yi. In zauna a zaure a gan ni, Aminu na gefena yana amsawa a madadina, ni kuma in dafa ƙirji in gyaɗa kai. Aka yi haka, amma ina kallon fuskokin mutane suna fita ba su ƙoshi ba. Kafin a jima labari ya zagaya unguwa cewa wutar Abuja ta cinye mini harshe, na zama bebe, ana ɓoyewa ne.

Wata safiya da hantsi, Saratu ta koma wurin aiki bayan ta ja wa Aminu kunne, sai na ji keke napep ya tsaya a ƙofar gida. Dikko ne ya fara fitowa, sannan ya juya ya riƙo hannun Malam Barmo. Na miƙe tsaye. Malam ya yi shekaru ba ya zuwa ko'ina sai masallaci, ko ɗaurin auren jikarsa wakili ya aika. Mutane suka dare aka shimfiɗa masa darduma. Ya yi sallama, Aminu ya amsa. Na san hukuncin, shi ma ya sani, shi ya karantar da ni cewa in ɗaya ya amsa sallama ya ɗauke wa saura. Ba a nan matsalar take ba.

"Ina Haliru?" in ji Malam.

Aminu ya ce, "Ga shi gabanka, Allah gafarta Malam. Likita ta hana shi magana."

Na matsa na kama hannunsa da hannuwana biyu. Na dafa ƙirji, na gyaɗa kai, duk abin da nake yi wa mutane na yi, sai daga baya na tuna ba mai gani nake yi wa ba. Ya shafa hannuna, ya shafa fuskata.

"Hannu dai hannu na, kowa na da shi. An ce min sun ƙone ka, ba ka ƙara magana. Haliru, in kai na, hwaɗi kalma guda in ji, in koma gida."

Na dubi Aminu, ya sunkuyar da kai. Na dubi Dikko, hawaye ne a idonsa. Tsoho ne ya bar gidansa ya zo, ba ya ganina, ba shi da wata hanyar sanina sai wadda aka hana ni. Na tuna likita ta ce ko kalma ɗaya. Na tuna ta ce raɗa ta fi muni, amma a lokacin sai na ga kamar ban ji daidai ba, ta yaya ƙaramar magana za ta fi babba ɓarna? Na kai bakina kusa da kunnensa na ce, da sauƙi, Malam.

Ya sauke ajiyar zuciya, ya yi hamdala. Sai ya tambaye ni ko da zafi, na ce kaɗan. Ya tambayi hanya, na amsa. Ya yi addu'a mai tsawo, na yi ta cewa amin. Da wannan kaɗai ne, wataƙila da ba a kai ga haka ba. Amma zauren cike yake, kowa ya ga bakina ya motsa. Malam na fita, liman ya matso ya ce ya jiki. Ta yaya zan amsa wa Malam in yi wa liman shiru? Na amsa. Mai unguwa na biye da shi. Bayansa wan Innarku, wanda da ma yana ganin ban ɗauke shi da daraja ba. Waɗanda suka zo jiya aka sallame su da gyaɗa kai suka ji labari suka dawo karɓar tasu. Duk wanda na duba sai in ga ba shi ne ya kamata a fara yi wa shiru ba. Na wuni ina raɗa da sauƙi, da sauƙi, maƙogwarona na yi mini zugi, kuma wallahi ban ga wurin da zan tsaya ba.

Saratu ta dawo da la'asar ta tarar da ni ina yi. Ta tsaya a bakin zaure har mutanen suka tsargu suka watse. Sannan ta durƙusa a gabana.

"Baba, mi kay yi haka? Dut wahalar da munka sha?"

Na buɗe baki zan yi mata bayani, ta ɗaga hannu ta ce in rufa mata asiri in yi shiru. Daga ranar ta kulle ni a cikin gida, ta ce wa kowa na yi barci. Ta ɗauki baƙin jinin unguwa a kanta, har yau akwai masu ce mata mai tsaurin ido.

Mako ya wuce, wasu suka biyo baya. Muryar ta dawo, amma wannan ce da kuke ji. Muka koma wurin likitan nan matashi, ya sake zura kyamara. Tsiro babu shi, sai dai wurin ya yi tabo, faifan ya yi tauri ba ya kaɗawa yadda ya kamata. Na gaya masa komai ban rage ba, sannan na ce ya faɗa mini tsakani da Allah, zafin leza ne ko maganar da na yi?

"Zai iya zama wannan, zai iya zama wancan, Baba. Zai iya zama haka jikinka ke warkewa. Tabo ba ya faɗin wanda ya kawo shi."

"Da wuƙa aka yi fa?"

"Da ita ma ana samun tabo."

"Da ban yi magana ba fa?"

"Da ya fi. Amma ba zan ce maka lallai da ba a samu ba."

Na fito daga ofishinsa da ruɗun da ya fi wanda na shiga da shi. Ya koya mini wasu darussan motsa murya, na yi su har na gaji, an ɗan samu sauƙi amma madda ba ta dawo ba. Dikko har ya koma ga Allah yana cewa wuta ce, kuma ba don ƙeta yake faɗi ba, abin da idonsa ya saba gani ke nan. Innarku ta bi bayansa, ku kuma kuka tashi kuka ji ana faɗi kuka ɗauka. Saratu na cewa dubiya ce. Ni da abin ke wuyana, in na kwanta ta wannan gefe sai in ga Dikko ya yi gaskiya, in na juya sai in ga Saratu. Wani lokaci in ce da na zauna a Abuja, wani lokaci in ce da na yi na wuƙa a nan gida, sai in tuna ai nan gida ne zauren yake, da mutanen za su zo ko da me aka yanka. Abin da na sani tabbas guda biyu ne. Ni na zaɓi leza, kuma Yayarku ita kaɗai ce a gidan nan ta yi ƙoƙarin rufe mini baki lokacin da rufewar ke da amfani. Wanda ya sake jifanta da wannan magana, da ni yake. In kuma kuna so ku ji ko na yi nadamar amsa wa Malam, shi ma ban sani ba. Na sha mayar da kaina zauren nan a zuci, kuma ban taɓa ganin na yi masa shiru ba.

Ana saura kwanaki kaɗan azumi na shirya na tafi gidan Malam. Tun ranar dubiya ban yi masa magana ba. Na tarar da shi shi kaɗai a zaure yana jan carbi. Na yi sallama. Ya amsa da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo.

"Maraba. Wane na?"

Ban san lokacin da na zauna ba. Na ce, "Ni na, Allah gafarta Malam. Haliru."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Can ya ce in ja masa aya ya ji. Na gyara zama na fara. Farkon ya fita a shaƙe amma ya fita. Da na kai madda sai muryar ta tsinke, iska kawai ke fita. Na sake, ta sake tsinkewa. Malam bai ce ta yi ba, bai ce ba ta yi ba, ba zai iya korata da bakinsa ba. Ni na ɗauke masa nauyin. Na ce a ba Malam Nasiru, ɗalibinsa ne magidanci mai kyan ƙira'a, ya daɗe yana zama a bayana. Malam ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Muka yi sallama kamar waɗanda suka gama cinikin da bai yi wa kowa daɗi ba.

Ranar ɗaya ga azumi na yi niyyar zama a gida, amma la'asar na yi na ga ƙafata ta kai ni masallaci. Na nemi wuri a cikin jama'a, na jingina da ginshiƙi. Malam Nasiru ya buɗe da ƙira'a mai daɗi, ban ga abin kushewa ba ko da na nema. Malam ya shiga fassara, ya yi nisa cikin bayani yadda ya saba, har ya manta da kowa. Da ya kai ƙarshe sai ya karkata kansa dama ya ce:

"Ja, Haliru."

Lasifika ta kai maganar har waje. Malam Nasiru ya ɗago ya neme ni da ido cikin mutane har ya same ni, ya tsaya yana jira. Na ji bakina ya buɗe da kansa, ayar tana kan harshena, na san inda zan ɗauka da inda zan tsaya. Na rufe bakin, na ɗaga masa hannu ya ja.